An sa min rana da ɗan baffana, sai likita ya ce ciwon da ya ɗauke Babanmu wataƙila na gado ne

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 27, malamar makaranta. Na daɗe ina fama da zubar jini mai yawa lokacin al'ada, har aka gano ƙari a mahaifata. Wata uku da suka wuce aka yi min tiyata aka cire ƙari fiye da goma, aka bar min mahaifar. Da sakamakon naman da aka kai ɗakin gwaji ya fito, likita ya ce ƙarin nawa ba irin wanda aka saba gani ba ne, wai babu wani abu mai suna FH a cikinsa. Ya tambaye ni ko akwai wanda ya taɓa ciwon ƙoda a gidanmu. Anti, Babanmu ya rasu yana da shekara 44. A asibiti kansar ƙoda aka ce, amma a gida har yau cewa ake jifansa aka yi. Likitan ya kuma duba wasu ƙananan ƙulluttai masu tauri a kafaɗata da damtsena, waɗanda ke min zafi da hunturu, ya ce in yi gwajin gado da hoton ƙoda. Na shiga intanet na karanta cewa masu wannan abu jikinsu yana ɗauka babu iska. Tun ranar nake farkawa cikin dare ina jin kamar numfashina zai ɗauke.

Babbar damuwata ita ce an sa min rana da ɗan baffana, saura wata huɗu. Baffan nan uwa ɗaya uba ɗaya suke da Babanmu, shi ya riƙe mu tun rasuwarsa. Ummanmu ta ce in ja bakina in yi shiru, kada a ce gidanmu akwai mugun ciwo, ƙannena mata su rasa mijin aure. Ina son yaron nan kuma ba na so in cuce shi, ba na kuma so in saɓa wa mahaifiyata. Kansa ce da ni? In faɗa masa? Ko in nemi a fasa?

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ke kuma ya ba ki lafiya mai ɗorewa. Zan fara da abin da ke hana ki barci. A duk abin da kika rubuto, babu inda aka ce an ga kansa a jikinki. Ƙarin mahaifa ba kansa ba ne, har da irin wanda babu FH a cikinsa, haka ma ƙulluttan fatar. Abin da likitanki yake zargi shi ne kin gaji wani rauni da ke sa a riƙa sa ido a kan ƙodarki. Kuma ki gode wa Allah da ya haɗa ki da likitan da ya tsaya ya haɗa mahaifa da fata da rasuwar Baba wuri ɗaya, domin mata da yawa ana cire musu ƙari sau biyu sau uku ba wanda ya yi musu tambayar da ya yi miki.

Maganar numfashi kuwa, ki kwantar da hankalinki. Abin da kika karanta bai shafi huhunki ba, kuma ba ya rage iskar oksijin da ke yawo a jininki. Mace da ta yi shekaru tana zubar da jini sannan aka yi mata tiyata, abu na farko da za a duba shi ne ƙarancin jini, don haka ki je a auna miki shi, in ya yi ƙasa a ba ki maganin ƙarin jini. Na biyu kuma tsoro ne, shi ma yana shaƙe mutum da daddare da gaske. In dai haki ya zo miki da ciwon ƙirji ko kumburin ƙafa ɗaya, wannan kada ki kwana da shi, asibiti za ki a ranar.

Yanzu bari in yi miki bayanin abin da aka ce jiki yana ɗauka babu iska, domin na lura rabin tsoronki daga rashin fahimtar wannan jimla ya fito. Kuma za ki buƙaci bayanin nan gaba, lokacin da za ki zauna da Umma da Baffa.

Kowace ƙwayar jikinmu tana da wasu ƙananan sassa a cikinta da ake kira mitokondiriya. A nan ake ƙona abin da muka ci a samar da ƙarfi. Ba a tashi ɗaya ake ƙonawar ba, mataki-mataki ne, kowane mataki da inzayim ɗinsa, wato furotin da ke juya wani sinadari ya koma wani, har a zagayo inda aka faro. Hans Krebs ne ya gano wannan zagaye a 1937 yana Sheffield ta Ingila. FH ɗaya ne daga cikin inzayim ɗin zagayen, kuma aikinsa guda ne, ya karɓi sinadarin fumaret ya mayar da shi malet. A ƙwayar da babu shi, fumaret zai yi ta taruwa har ya fita daga mitokondiriya ya cika sauran ƙwayar.

A ɗaya ɓangaren kuma, ƙwaya tana da hanyar sanin ko oksijin ta ishe ta. Akwai wani furotin mai suna HIF, wanda Gregg Semenza ya gano a farkon shekarun 1990 a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Kullum ƙwaya cikin ƙera shi take, kuma kullum cikin rushe shi take. Muddin akwai oksijin, wasu inzayim da ake kira PHD sukan yi amfani da ita su ɗora wa HIF alama. Wani furotin mai suna VHL da ya ga alamar sai ya kama HIF ya kai shi inda za a narkar da shi cikin 'yan mintoci. In oksijin ta yi ƙasa, PHD ba sa iya sa alamar, sai HIF ya tsira ya taru, ya shiga cibiyar ƙwayar ya tayar da ɗaruruwan ƙwayoyin gado (wato umarnin da muka gada daga iyaye, wanda ƙwaya ke bi wajen aikinta) na neman ɗauki: a tsiro da sabbin jijiyoyin jini, a buɗe ƙofofin shigar sukari, a koma samar da ƙarfi ta hanyar da ba ta buƙatar iska, a ƙoda kuma a fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙara jini. Wannan tsari rahama ne. Shi ke taimakon rauni ya warke, shi ke sa wanda ya hau tsauni mai tsawo jikinsa ya saba. William Kaelin a Boston da Peter Ratcliffe a Oxford ne suka bayyana batun alamar a 2001, kuma su biyun da Semenza suka karɓi kyautar Nobel a 2019 a kan wannan aiki.

Ga inda labarin biyu suka haɗu. Ban da oksijin, PHD suna buƙatar wani sinadari daga cikin zagayen Krebs ɗin nan mai suna alfa-ketogulutaret kafin su yi aiki. Fumaret kuwa ya yi kama da shi ƙwarai. Ki ɗauka kamar mabuɗin da ya yi kama da na ɗakinki: zai shiga kwaɗon amma ba zai buɗe ba, kuma muddin yana ciki na ainihin ba zai sami wuri ba. Haka fumaret mai yawa yake toshe PHD. Alama ba ta hau kan HIF ba, VHL bai ga abin kamawa ba, sai ƙwayar ta shiga halin neman ɗauki alhali oksijin na kewaye da ita. Ta yi ta kiran jijiyoyin jini, ta yi ta zuƙar sukari, dare da rana babu tsayawa, kuma waɗannan su ne ainihin abubuwan da ƙari ke buƙata don ya girma. Tun shekarun 1920 Otto Warburg na Jamus ya lura ƙwayoyin kansa suna cin sukari da yawa suna sarrafa shi kamar babu iska ko da akwai ta. A irin waɗannan ƙari ne aka ga dalili ƙarara. A 2005 masu bincike a Glasgow suka nuna wannan toshewar da sinadarin saksinet, wasu a Amurka suka nuna ta da fumaret a shekarar.

Saksinet ɗin nan maƙwabcin fumaret ne a zagayen, kuma labarinsa yana burge ni. Inzayim ɗin da ke sarrafa shi sunansa SDH. A shekarar 2000 aka gano a Pittsburgh cewa lalacewarsa ce ke sa wasu iyalai gadon wani ƙari a wuya, daidai kan ɗan ƙaramin sashen da ke auna oksijin ɗin jini a gefen babbar jijiyar wuya. Tun kafin nan likitoci sun san irin wannan ƙari ya fi yawa a mutanen da ke zaune a ƙololuwar tsaunukan Andes a Peru, inda iska ke da ƙaranci da gaske. Abin da tsauni ke yi wa waɗancan, shi lalacewar inzayim ke yi wa waɗannan suna zaune a ƙasa. Ita fumaret ɓarnarta ba ta tsaya ga HIF ba. Tana manne wa wasu furotin ta sauya musu aiki. Wannan mannewar tana barin sawu, kuma sawun da rashin FH ɗin su ne masu duba nama suke nema da rini a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu.

Sai ki tambaya, to me ya sa ba duk jikin ne ya kamu ba? Saboda kowane mutum kwafi biyu yake da shi na ƙwayar gadon FH, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wanda ya gaji ɗaya lalatacce, ɗayan mai kyau ya ishe shi aiki, shi ya sa kike tafiya kike koyarwa lafiya lau. Sai a ƙwayar da kwafi na biyun ya lalace daga baya ne fumaret ke taruwa, a nan kaɗai. Wuraren da abin ya fi faruwa uku ne: tsokar mahaifa, da ƙananan tsokokin da ke miƙar da gashin fata idan an ji sanyi (shi ya sa ƙulluttanki ke zafi da hunturu), da kuma ƙoda. Likitoci suna kiran wannan gado HLRCC. An bayyana haɗin fata da mahaifa tun 1973, likitocin Finland suka ƙara da ƙoda a 2001, aka gano FH ce sila a 2002.

Yanzu lissafin da ya kamata ki riƙe. A cikin masu wannan gado, kusan 15 cikin 100 ne suke samun kansar ƙoda a tsawon rayuwarsu. Wato mafi yawa ƙwarai ba sa samu har su tsufa. Amma ba zan ɓoye miki ba, irin wadda ke zuwa da wannan gado mai gaggawa ce, tana iya bazuwa tun tana ƙarama, kuma kafin a ga jini a fitsari ko a ji ciwo a kwiɓi sau da yawa ta yi nisa. Saboda haka ƙa'idar ita ce hoton MRI na ƙoda sau ɗaya kowace shekara, wanda ake ɗauka siriri-siriri. Sikanin da aka saba yi na ciki ba ya wadatarwa, yana tsallake ƙananan. In an ga wani abu, ba a cewa a jira a gani, cire shi ake yi nan da nan, kuma wanda aka cire wa da wuri yana da kyakkyawar damar warkewa. Har ga waɗanda abin ya bazu, fahimtar wannan hanya ta kawo sauyi: a wani gwaji da cibiyar kansa ta ƙasar Amurka ta yi, haɗin magunguna biyu, bevacizumab da erlotinib, ya rage ƙarin a kusan mutum bakwai cikin goma masu wannan gado. Baba bai san akwai abin da ake nema ba, balle a neme shi. Ke kin sani tun kina 27.

Sai dai kafin komai a tabbatar. Sakamakon naman ƙari shi kaɗai ba ya nufin gado, domin yawancin matan da ake samun ƙarinsu babu FH, a cikin ƙarin kawai lalacewar ta faru, ba su gada ba kuma ba za su gadar ba. Ke dai da rasuwar Baba da ƙulluttan fata, zargin yana da ƙarfi, ba zan yaudare ki ba. Ki nemi likitan fata ya yanki ɗan kaɗan daga ƙulli ɗaya a duba, wannan aiki ne mai sauƙi da za a iya yi a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Gwajin gadon kuma jini ko yawu ake ɗauka, galibi a aika ƙasar waje, sakamako ya ɗauki makonni. Hoton ƙodar kada ki jira sakamakon gado kafin ki yi shi, ki yi shi a wannan watan. In ya fito fes, wani babban dutse ya sauka daga ƙirjinki, kuma da shi za ki shiga sauran maganganun.

To, mu zo kan ɗan baffanki. Kin tambaye ni ko ki faɗa masa don kada ki cuce shi, kamar ke ce mai ɗauke da kaya shi kuma ɗan kallo. Ƙanwata, sake duba dangantakarku. In Baba ya gaji wannan abu daga Kaka ko Kakanku, Baffa da suke ciki ɗaya yana da rabi da rabi na gadonsa. Kowane ɗan Baffa kuma yana da ɗaya cikin huɗu. Yaron da kike so yana iya ɗauke da abin da kike ɗauke da shi, a ƙodarsa, bai sani ba. Kada lafiyar Baffa ta ruɗe ku, maza da yawa masu wannan gado ba sa nuna komai sai 'yan ƙulluttai a baya ko ƙafa da ba wanda ya kula da su. Wannan labari ba aibinki ba ne da za ki rufe ko ki tona. Labarin zuriyar kakanku ne, ke ce dai Allah ya fara nuna wa. Ko da ba aure a tsakaninku, haƙƙinsa ne ya ji.

Da aure kuma akwai ƙarin dalili mai nauyi. Idan miji da mata duk suna ɗauke da lalataccen kwafi, kowane ciki yana da ɗaya cikin huɗu na yaron ya gaji biyun, wato a haife shi babu FH mai aikin kirki ko'ina a jikinsa. Wannan wata cuta ce dabam, kuma mai tsanani: ƙwaƙwalwa ba ta ginuwa daidai, ga jijjiga tun jarirai, da yawa ba sa wuce ƙuruciya, waɗanda suka rayu kuma suna cikin babbar nakasa. A duniya ba ta da yawa ko kaɗan, amma an ga tarinta a wasu garuruwa biyu da ke iyakar jihohin Utah da Arizona a Amurka, inda dangi suka daɗe suna auren juna. Lissafin iri ɗaya ne da na sikila tsakanin AS da AS, wanda kowa ya sani yanzu. Sai dai gwajin jinotayif da ake yi kafin aure, har da wanda jihar Kano ta wajabta da doka a 2024, ba ya duba FH. Za ku iya fitowa AA da AA ku duka, wannan na nan a ɓoye.

Kada wannan ya firgita ki fiye da kima. Uku cikin huɗu, shi ba ya ɗauke da komai. In gwajinsa ya fito haka, waccan mummunar cutar ta jarirai ta fita daga lissafinku. Abin da zai rage shi ne kowane ɗa da za ki haifa yana da rabi da rabi na gadon kwafi ɗaya irin naki, kuma wannan yana nan ko wa kika aura, ɗan dangi ko bare. Saboda haka fasa aure yau, kafin a yi gwaji, ba ya maganin komai. Zai raba ki da wanda kike so, ya ɓata tsakanin gida biyu, ya bar shi cikin duhu game da lafiyarsa. Ban ba ki shawarar fasawa ba.

Ga yadda nake ganin a bi. Gwajinsa yana jiran naki, domin in an gano ainihin gurbin da ya lalace a ƙwayar gadon FH ɗinki, wurin kaɗai za a duba a nasa da na sauran dangi, abin ya fi sauƙi da araha. Makonnin naki da makonnin nasa in an haɗa, wata huɗu ba su da yawa. Don haka kada ki jira sai lefe ya shigo gida. Da zarar kin yi hoton ƙoda, ki zauna da shi, ba ta waya ba, ki faɗa masa abin da aka gani da abin da ake zargi da abin da ya rage a tabbatar. Ki nemi ya raka ki wurin likitan ya ji da kunnensa. Ki ba shi kwanaki ya juya maganar, kada ki auna sonsa da fuskar da zai yi a minti na farko, ke ma ai ba ki karɓe ta da murmushi ba. In lokaci ya ƙure sakamako bai fito ba, a ɗaga ranar. Ɗaga rana ba baƙon abu ba ne, kuma kina da dalili na gaskiya da za a faɗa wa mutanen gari, wato tiyatar da aka yi miki, wadda dama likitoci kan ce a bar mahaifa ta huta watanni kafin ɗaukar ciki.

In kuma Allah ya ƙaddara ku duka kuna ɗauke da shi, to a nan ne za a yi maganar rabuwa da gaske. Akwai hanyar dashen ciki inda ake gwada ɗan tayi kafin a mayar mahaifa, amma tsadarta ta fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma ba kowane ƙoƙari ke kamawa ba. Akwai masu cewa za su shiga haka nan su dogara ga Allah. Ni da ƙanwata ce ta ciki ɗaya, zan ce mata ta haƙura, kamar yadda nake ce wa AS da AS, saboda wanda zai ɗauki wahalar jariri ne da ba a yi shawara da shi ba. Zai yi ciwo ƙwarai, na sani. Amma ba a kai can ba tukuna, kuma mafi rinjayen zato ba za a kai ba.

Umma kuwa, kada ki ɗauke ta a matsayin mai hana gaskiya. Mace ce da ta binne miji yana da 44, ta raini marayu a ƙarƙashin inuwar ɗan'uwansa, kuma ta san bakin mutane. Tsoronta a kan ƙannenki gaskiya ne, mun sha ganin an guji gida saboda an ji kalmar ciwon gado. Abin da ba a nuna mata ba shi ne kuɗin da shirun zai ci. Kowane ɗa da Baba ya haifa, mace ko namiji, har da 'yan ubanku in akwai, yana da rabi da rabi. Shirun da zai kare auren ƙanwarki shi ne zai hana yayanki ko ƙanenki hoton da zai iya ceton ransa. Ki faɗa mata haka da taushin murya, ki ce, Umma, ba so nake a sake yin na Baba a gidan nan ba. Ki kuma tabbatar mata ba daga wajenta abin ya fito ba, domin a irin wannan uwa ake fara nuna wa yatsa, kuma wataƙila wannan na cikin abin da take gudu. Sannan ki yi mata alkawarin da za ki iya cikawa: ba za a yi shela ba. Waɗanda abin ya shafa a jininsu ne za su ji, da wanda zai aure ki. Ƙawaye da maƙwabta da dangin nesa ba ruwansu. In ta dage, ki nemi malamin da take girmamawa ko wata yayarta mai hankali su sa baki. Biyayya ga uwa wajibi ce, amma ba ta kai ga ɓoye wa mutum abin da zai cutar da shi da 'ya'yansa ba, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ki yi iya ƙoƙarinki Umma ta yarda kafin ki yi magana da yaron. In ba ta yarda ba, ki sanar da ita cikin ladabi cewa za ki faɗa masa, kada ta ji daga baya.

Baffa ba ke za ki tunkare shi ba. Ɗansa ne zai kai masa, ko Umma, ko ku roƙi likitan ya yi masa bayani shi da kansa, dattijo ya fi karɓar irin wannan daga bakin likita. Maganar jifa kuma kada ki tsaya musu a kanta. Shekaru suka yi suna riƙe da ita, ba za ta saku a zama ɗaya ba, kuma ba sai ta saku za a yi hoto ba. A ci gaba da addu'a, a je a yi gwaji. Abu ɗaya da zan ce ki tsaya kai da fata a kansa shi ne jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, domin wasunsu suna taɓa ƙoda, ke kuma taki abar tattali ce.

Game da haihuwa, mata da yawa masu wannan gado suna haihuwa lafiya. Sai dai ƙarin yakan dawo, kuma yakan zo da wuri fiye da na sauran mata, don haka in an yi auren kada ku ja lokaci mai tsawo da gangan, ki kuma tambayi likitan mata ko tiyatar da aka yi miki tana nufin ta hanyar aiki za ki riƙa haihuwa. Yara kuma akan gwada su su fara hoto tun suna wajen shekara takwas zuwa goma, wanda bai gada ba ya huta gaba ɗaya.

Na san MRI kowace shekara nauyi ne a albashin malamar makaranta. Ki bincika ko inshorar lafiyar ma'aikata da kike ciki tana ɗaukar wani kaso, ki kuma ware wani abu duk wata tun yanzu, ko adashi ne. Wannan ma wani dalili ne na sanar da Baffa, domin gidan da ya iya haɗa kuɗin biki zai iya haɗa na gwaji in ya fahimci 'ya'yansa ma na ciki.

Kafin ki koma asibiti, ki zauna da Umma da takarda ku rubuta dangin Baba: goggonnin da aka cire wa mahaifa ko ƙari da ƙuruciya, wanda ya yi ciwon ƙoda ko fitsarin jini, masu ƙulluttai a fata, da jariran da suka rasu da jijjiga in an taɓa yi, musamman a gidajen da aka yi auren zumunci. Ki tafi da wannan da takardar sakamakon namanki. In gwajinki ya tabbata, ki roƙi likitan ya rubuta miki 'yar wasiƙa mai ɗauke da sunan gurbin da ya lalace, wadda kowane ɗan'uwa zai iya kai wa nasa likitan a duk garin da yake. Ki sake rubuto min bayan hoton ƙodar, ina so in ji yadda ya fito da yadda kuka yi da Umma.